Garkuwa da Alli: Wa Kulliyar Tarbiyya Take Karramawa?

Duk wanda ya ɗan zauna a Sudan ya san kalmar takrim, ko da Larabcinsa bai wuce na sayen burodi ba. Ita ce karramawa a bainar jama'a, kuma mutanen ƙasar sun iya ta. A kafa rumfa, a jera kujeru, masu laushi a gaba, na roba a baya. A buɗe da karatun Alƙur'ani. Amid, wato shugaban kulliya, ya miƙe ya yi jawabi, wakilin tsofaffin ɗalibai ya yi nasa, wani lokaci har da mai waƙe. Daga nan sai a shiga kiran suna. Wanda aka kira ya taso cikin farar jallabiya da rawani, a saƙala masa wishahi, wato ɗamarar girma da ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, a miƙa masa garkuwar katako mai rubutun tagulla da takardar yabo. Mata su rangaɗa guɗa, maza su ɗaga hannu sama suna kaɗa yatsu suna cewa abshir. In an taki sa'a, har da ɗan ambulan.

Abin sha'awa ne, yabon gwani kuwa ya zama dole. Sai dai ni duk lokacin da na ji an ce wata kulliyar tarbiyya, wato tsangayar horar da malamai ta jami'a, za ta karrama fitattun 'ya'yanta da shugabanninta, hankalina ba ya zama a kujerun gaba. Yakan bi titin da ya tashi daga Sinnar ya ratsa Sinja ya nufi Damazin, ya sauka a Abu Hujar da ƙauyukan da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu, inda Hausawa da Fulani suka daɗe suna noman dawa da riɗi, suna lambu, suna su. A irin waɗannan garuruwa ne aikin kulliyar yake ƙarewa. Malamin da aka yaye a Sinja, inda Jami'ar Sinnar take da kulliyar tarbiyya, ko a Hantub da Hasahisa da Kamlin, inda Jami'ar Jazira take da nata, nan zai zo ya tsaya gaban aji cike maƙil da guntun alli a hannu. To in kulliya ta tashi yin alfahari, da wane ɗa za ta yi shi, wanda ya riƙe allin ko wanda ya ajiye shi?

Kafin a amsa, sai an koma Bakhtar-Ruda, domin ita ce uwar horar da malamai a Sudan. A 1934 aka kafa ta kusa da garin Duwaim a gaɓar Farin Nilu, ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila, V. L. Griffiths. Da gangan aka fitar da ita daga Khartum aka kai ta karkara. Tunanin shi ne, malamin da zai koyar a ƙauye bai kamata a raine shi a birni ba, ya saba da abin da ba zai samu ba inda za a tura shi. Ɗakuna na laka, ɗalibai su yi noma, su yi aikin hannu, su tafiyar da wasu al'amuransu da kansu. A nan ake rubuta manhaja da littattafan firamare, a gwada darasi a makarantar da ke jikin cibiyar, in bai shiga kan yara ba a sake shi, sai ya nuna sannan a aika da shi sauran ƙasa. Daga baya aka buɗe mata rassa a Dilling da Shandi.

Dattawan Sudan har yau sukan tuna wani littafin labarin ƙasa da ya fito daga can, Subul Kasbil Aish fis Sudan, wato hanyoyin neman abinci a Sudan. Malaman cibiyar ne suka yi tattaki zuwa sassan ƙasar, suka zauna da iyalai na gaske, suka rubuta yadda suke ci da sha da sana'a, sai ɗan aji ya riƙa "ziyartar" abokansa ɗaya bayan ɗaya: na Golid a arewa mai dabino, na Babanusa mai shanu, na Yambiyo a kudu, na Wad Sulfab a Jazira mai auduga. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma ɗan Bahaushen da ubansa yake tsinke wannan audugar bai ga gidansu a cikin ziyarar ba. Zan dawo kan wannan.

Mutanen da suka bi ta Bakhtar-Ruda ba ƙanana ba ne. Abdurrahman Ali Taha, mataimakin Griffiths, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama ministan ilimi, a 1948. Sirrul Khatim al-Khalifa, wanda ya koyar a can, shi aka ɗora a kujerar firayim minista bayan juyin Oktoba 1964 da ya kawar da Janar Abbud, saboda ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna sun yarda da malamin makaranta. Akwai kuma wani zare da ya ɗaure wannan cibiya da ƙasar Hausa, wanda 'yan baya da yawa ba su sani ba. A shekarar da aka kafa ta, 1934, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, kuma shehunnai daga Sudan aka ɗauko su koyar, Shaikh Bashir ar-Rayyah a kan gaba. Shekara ashirin bayan buɗe makarantar ta Kano ruwan ya juya: a 1954 aka tura wasu matasan malamai daga Arewacin Nijeriya zuwa Bakhtar-Ruda, cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi, da Haliru Binji, da Shehu Galadanci. Gumi ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Galadanci ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato. Shi kuma Abdullahi ad-Dayyib, gwanin adabin Larabci da ya taɓa koyarwa a Bakhtar-Ruda, ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1960 ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Gumi ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ad-Dayyib ya karɓi tasa a 2000. Ka ga makarantar laka a bakin kogi ta haɗa mutum biyu irin waɗannan.

Idan ana neman inda kalmar "fitacce" take da ƙaya, a je Hantub. Makarantar sakandare ce ta kwana da aka buɗe a 1946, a hayin kogi daga Wad Madani, kafin daga baya a mayar da harabarta kulliyar tarbiyya ta Jami'ar Jazira. A zamani guda ta ɗauki yara uku: Ja'afar Numairi, da Hasan at-Turabi, da Muhammad Ibrahim Nugud. Na farko ya yi juyin mulki a 1969 ya riƙe ƙasar har 1985. Na biyu ya jagoranci 'yan harkar Musulunci, Numairi ya ɗaure shi shekaru, daga baya suka shirya ya naɗa shi babban lauyan gwamnati. Na uku ya gaji shugabancin jam'iyyar Kwaminis a 1971, bayan Numairin ya rataye wanda ya gabace shi, kuma ya yi shekara goma sha huɗu a ɓoye. Dukkansu fitattu ne, ba mai musu. Amma in ka jera hotunansu a zaure ɗaya ka ce wa ɗaliba mai koyon malanta ga abin koyi, wanne za ta bi? Fice daban, nagarta daban. Wani lokaci sukan haɗu a mutum ɗaya, sau da yawa ba sa haɗuwa, kuma kwamitin da ke tsara takrim ya fi saurin ganin na farko, don shi ne mai mota da rakiya.

Kulliyar likitanci in ta karrama ɗanta, likita take karramawa. Ta injiniya ma haka. Kulliyar tarbiyya ce kaɗai za ka ga jerin gwarazanta cike da waɗanda suka bar sana'ar: wanda ya zama kwamishina, wanda ya shiga soja, wanda ya tafi Saudiyya ko Ƙatar ya dawo da abin hannu, wanda ya koma kasuwa. Ba laifi suka yi ba, kowa da rabonsa, wasunsu ma sun yi wa garuruwansu abin kirki. Amma saƙon da ɗalibin da ke zaune a kujerar roba yake ɗauka shi ne, in kana son a kira sunanka wata rana, yi maza ka fita daga aji.

Na taɓa halartar irin wannan taro a wata kulliya. A can baya kusa da randar ruwa na hangi wani dattijo da na san ya haura shekara talatin yana koyarwa a ƙauyuka, jallabiyarsa wankakkiya amma ta sha jiki. Da aka watse na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ban ji an kira ka ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai an kira ni. Wancan da aka rataya wa wishahi na biyu, ni na koya masa riƙon alƙalami." Amsar ta yi daɗin ji, na kuma daɗe ina maimaita ta. Sai daga baya na fara jin haushinta. Haƙurin irin waɗannan mutane shi ya zama mana katifa. Tunda ba za su yi ƙorafi ba, sai muka ɗauka ba a bin mu bashi.

Shugabannin kulliya kuwa, nasu lissafin daban ne, kuma sai an san yadda kulliyoyin suka samu kafin a yi musu adalci. Da can, cibiyoyi irin Bakhtar-Ruda ke horar da malaman firamare, sai kuma Babbar Cibiyar Malamai ta Omdurman, da aka kafa a 1961 don malaman sakandare, wadda daga baya ta zama kulliyar tarbiyya ta Jami'ar Khartum. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta zo da abin da ta kira juyin ilimi mai zurfi. Aka buɗe jami'o'i a jihohi, aka haɗe firamare da matsakaiciya suka zama shekara takwas, aka ce malamin firamare ma sai mai digiri, aka miƙa tsofaffin cibiyoyin malamai da wasu manyan makarantun kwana ga jami'o'i. Ita kanta Bakhtar-Ruda ta zama jami'a a 1997. Alherin wannan a bayyane yake: 'yar manomi daga Abu Hujar da ba za a taɓa barinta ta tafi Khartum ba, ta samu jami'a a Sinja, tafiyar da za a je a dawo a yini. Hasarar ma a bayyane take. Horon nan na hannu da hannu, inda ƙwararren malami zai zauna a bayan aji yana kallon ɗan koyo, ya yi rauni, lacca ta maye gurbinsa. Kulliyar tarbiyya ta zama inda mai ƙaramin maki yake faɗawa in likitanci da injiniya sun ƙi shi. Mutanen Nijeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, sun ga abin da ya biyo bayan rufe kwalejojin malamai masu daraja ta biyu.

Amid na farko a irin waɗannan kulliyoyi yakan karɓi ginin sakandare ne da allon suna sabo, ba ɗakin karatu na kirki, ba isassun malamai, ba kuɗi. Wanda ya mayar da wannan wurin karatu ya ci a tuna da shi. Amma hoton kowane amid yana rataye a ofis bi da bi, wanda ya gina da wanda ya zauna kawai, firam ɗinsu iri ɗaya. A ganina kada a karrama shugaba yana kan kujera, domin a lokacin ba a rarrabe yabo da fadanci. A bari ya sauka, ƙura ta lafa, sannan a tambayi masinja da mai gadi da ɗaliban da suka fita a zamaninsa. Su ne masu ɗakin, sun san inda yake yoyo.

Yanzu bari mu koma kan ɗan Bahaushen nan da bai ga gidansu a littafi ba. Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙasa zuwa aikin hajji, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu tafiyar ta tsaya a nan har jikoki. Babbar ƙaura ta zo bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Daga nan ƙauyuka suka yi ta tsira suna bin kogin. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin noman auduga na Jazira ya buɗe baki yana neman hannaye, mutanenmu suka cika shi. Hawasha, wato gonar da hukuma ke rabawa, akasari ta tafi ga wasu. Da yawa daga cikin namu suka zauna a kambo, unguwannin leburori da ke gefen magudanan ruwa, inda makaranta da asibiti suke zuwa a makare, in ma sun zo.

Abu biyu suka haɗu suka jinkirta karatun zamani a waɗannan garuruwa. Na farko daga gida yake. Mutumin da kakansa ya baro Sakkwato ko Kano don gudun mulkin Nasara ba zai yi saurin miƙa ɗansa ga makarantar da Nasaran ya kafa ba. Khalwa, wato makarantar allo, ita ce makaranta, sauran duk shagala ce ga wanda yake ganin kansa matafiyi ne zuwa Makka. Na biyu daga waje yake. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi, ina zai samo wannan? Ba takardar jinsiyya kuwa, wato shaidar zama ɗan ƙasa, hanyar karatu mai nisa da aikin gwamnati takan toshe. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya daɗe, kuma rikicin da ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, inda aka kashe mutane da yawa aka raba dubbai da gidajensu, ya nuna cewa tambayar "ku 'yan ina ne" ba ta mutu ba.

A cikin wannan hali ne 'yan farko suka fita, suka yi karatu, suka dawo da alli. Ka auna abin da suka fuskanta. A gida ana yi musu kallon waɗanda suka bar allo suka bi boko, a waje ana yi musu kallon baƙi, ana ce musu Fallata. Su ne suka zauna da liman da mai gari har aka yarda a ba da fili, su ne suka kira gayya, abin da Larabawan Sudan ke ce wa nafir, aka buga tubali aka ɗora rufi. Kuma su suke yin wani aiki da ba ya cikin kowace manhaja. Yaro ɗan shekara shida ya shigo aji ɗaya da Hausar gidansu, littafi da allo da jarrabawa duk Larabci ne. Malamin da ya san harsunan biyu shi ne kwale-kwalen da zai haye da shi. Zai faɗi abu da Larabci, ya ga idanu sun yi zuru, ya saki kalma biyu da Hausa, fuskoki su washe, ya koma Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya yi littafi guda a 1999 kan yadda Hausar Sudan take cuɗanya da Larabci, bayan wanda ya yi kan Fulatanci a 1986. Abin da ya nazarta a takarda, malamin ƙauye yana fama da shi kowace safiya, ba tare da an taɓa koya masa dabararsa a kulliya ba.

Malamai mata ma haka, ko ma fiye. Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Rufa'a, a gaɓar wannan kogi dai, tun 1907, ya fara da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta. Amma a ƙauyen Hausawa ba labarin Babikir Badri ne ya sa uba ya bar 'yarsa ta wuce aji huɗu ba. Ganin ustaza 'yar gidan wane ne, wadda aka san uwarta da kakarta, tana fita da mayafinta da mutuncinta tana dawowa, ta yi aure ta haihu ba abin da ya same ta. Gani ya kori ji. Mace ɗaya irin wannan takan buɗe ƙofar gari guda, kuma da wuya ka ji sunanta a lasifika.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, karrama malami ba baƙon abu ba ne a wurinmu da za a ce sai mun koya daga jami'a. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Nana Asma'u, da ta tsara 'Yan Taru, takan naɗa jaji, wato matar da za ta kai karatu ƙauyuka, ta ɗora mata malfa ta ɗaure da jan ƙyalle, kowa ya ganta ya san matsayinta. Lura da wadda aka ɗora wa malfar: mai zuwa ƙauye ce. Ita ma ƙasar Sinnar tana da nata gadon. Ɗabaƙat na Wad Daifallah, da aka rubuta a ƙarshen zamanin daular Funj, ya tattara tarihin malamai da waliyyai sama da 200, wane ya yi karatu wurin wane, ya zauna a gari kaza, ya yaye su wane. Ba don shi ba, da yawancinsu ko sunansu bai iso mu ba. Duka ukun abu ɗaya suka riƙe: silsila. Ana girmama mutum ne ta hanyar faɗin inda ya ɗebo da inda ya zuba.

A Nijeriya an fi karkata ga raɗa wa gini suna. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, da ta Shehu Shagari a Sakkwato, da ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso. Wasu sunayen sun zauna daram, domin Shagari malamin makaranta ne kafin siyasa, Isa Kaita kuma ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa. Kwalejin Katsina ma, wadda ta zama Barewa, don horar da malamai aka kafa ta, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello duk da alli suka fara. Amma can ma cutar ta shiga ta ƙofar digirin girmamawa, har ta kai shugabannin jami'o'i suka taru a Keffi a 2012 suka yi yarjejeniyar daina ba wa masu riƙe da muƙamin gwamnati. Da a ce ba ciniki a ciki, da ba a buƙaci yarjejeniya ba.

Duk wannan magana ce ta lokacin zaman lafiya. Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan take cikin yaƙi. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disambar wannan shekara, sai Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Sinja ta faɗa a ƙarshen Yunin 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Mutanen yankin suka watsu, wasu Gadarif, wasu Damazin, wasu Kassala. An wawashe jami'o'i, makarantu da yawa sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma a wani lokaci UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji. Malamai, waɗanda tun kafin yaƙin suke yajin aiki kan albashin da ba ya kai su tsakiyar wata, suka yi watanni ba ko sisi. Jarrabawar kammala sakandare ta 'yan 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 aka samu yin ta. Duk da haka an samu waɗanda suka tara yara a gindin bishiya ko a farfajiyar masallaci suka ci gaba da darasi, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Idan kulliyoyin tarbiyya suka dawo hayyacinsu suka kafa rumfar takrim ta farko, ina fata daga nan za a fara kiran suna.

Sannan a duba abin da ake miƙawa. Garkuwar katako ba ta sayen maganin hawan jini. Dattijon da ya yi ritaya yana jiran ma'ash, wato fansho, da hauhawar farashi ta cinye, in ka ba shi katako ya kai gida, matarsa za ta goge shi ta jingine a kan kabad, shi ke nan. Tsofaffin ɗalibai suna da abin koyi a tarihin ƙasar. Taron Masu Ilimi, Mu'utamarul Khirrijin, da aka kafa a 1938 bisa shawarar da Ahmad Khair ya fara kawowa daga Wad Madani, bai tsaya ga jawabai ba. Ya ware ranar ilimi, ana tara gudummawa, ana gina makarantun al'umma da kuɗin. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kulliya, ko ma 'yan dufa'a guda, wato waɗanda suka fita shekara ɗaya, da ke warwatse tsakanin Riyad da Doha da Kano suna hira a WhatsApp, za su iya ɗaukar nauyin jinyar malami ɗaya, ko su biya wa ɗaliba ɗaya daga ƙauyensa kuɗin karatu da sunansa, ko su rufa ajin da ya koyar a ciki. Kuma a yi yana da rai. Mun ƙware wajen taron ta'abin, inda ake zuba wa mamaci yabon da bai taɓa ji ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi, kuma shi ya fi gaggawa. Fayilolin ma'aikata da rajistar ɗalibai da yawa sun salwanta a wannan yaƙi. Ko da ma can, ba ofishin da ya rubuta wane ne ya fara buɗe aji a ƙauye kaza, ko wace ce mace ta farko da ta koyar a can. Wannan ilimi yana kawunan tsofaffi ne, su kuwa kullum raguwa suke. Ɗalibin kulliyar tarbiyya ɗan Abu Hujar ko Mai Wurno ko wani kambo a Jazira, maimakon ya kwafo binciken kammala digiri daga intanet, ya ɗauki littafi da waya ya je ya durƙusa gaban tsohon malamin garinsu. Ya tambaye shi sunan malaminsa na allo da na boko, shekarar da aka ɗauke shi aiki, garuruwan da aka tura shi, a kan jaki ya je ko a lori, da waɗanda suka bi ta hannunsa. Ya rubuta da Larabci don kulliya, ya rubuta da Hausa don gida, a ajiye kwafi ɗaya a Sinja, ɗaya a wurin liman, ɗaya a waya inda wuta ba za ta ci ba. Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne bayan kaka, an yanke riɗi an shigar da dawa, laka ta bushe motoci suna shiga ƙauyuka, kafin zafin Afrilu ya hana tsofaffi dogon zama.